Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Duk wanda sana'arsa ta zama koyar da harsuna biyu ya san akwai kalmomin da ƙamus ke jerawa kafaɗa da kafaɗa, alhali nauyinsu ba ɗaya ba ne. Kusan shekara 20 ke nan ina koyar da Faransanci da Hausa a makarantun sakandare na Arlit, kuma daga cikin kalmomin da suka fi ba ni aiki akwai trahison, wadda muke fassarawa da cin amana. Tushen ta Faransancin wata kalmar Latin ce mai nufin miƙawa, wato a ɗauki gari ko mutum ko asiri a damƙa wa abokan gaba. Ta Hausa kuwa wata hanya ta biyo. Kafin a ci amana sai an ba da ita: sai an sami mai ajiya, da wanda aka ba ajiyar, da abin da aka ajiye. Saboda haka duk lokacin da na ji an ce wane ya ci amanar ƙasa, sai harsunan nan biyu kowanne ya jefo mini tambayarsa. Faransanci ya ce: me ya miƙa, kuma wa ya miƙa wa? Hausa ta ce: wace ajiya aka ba shi, kuma wa ya ba shi?

A lokacin zaman lafiya ba a cika jin kalmar ba sai a kotu, ko a rikicin abokan ciniki. Amma da zarar bindiga ta fara magana sai kalmar ta yi araha, har ta kai ana jifan mutum da ita don kawai ya tambayi dalilin yaƙin, ko ya fita zanga-zanga, ko ya ƙidaya gawawwakin da sanarwar hukuma ta tsallake. Na ga haka a 2003, na gani a 2007, na kuma sake gani a shekarun baya-bayan nan. Abin da na fahimta shi ne wannan zargi wani nau'in ciniki ne, kuma cinikin sananne ne ga duk wanda ya taɓa shiga kasuwa da kwando.

Tsoka da ƙashi

Mahauci ba ya sayar maka da tsoka zalla, sai ya ɗora ƙashi a kan sikeli. Ba ka yi masa gardama, domin da ƙashinta aka halicci dabbar, kuma in ba ka gamsu ba ga wani mahaucin nan a gefensa. Akwai kuma wani cinikin na dabam. Idan kaya suka yi ƙaranci, ko don hanya ta yanke ko don azumi ya matso, za ka tarar da ɗan kasuwar da shi kaɗai ke da sukari a gari yana cewa ba zai sayar maka da ko kwali ɗaya ba sai ka haɗa da sabulun da ya yi masa kwantai. Faransawa na kiran wannan vente liée, har dokarsu ta kare masu saye ta yi magana a kansa. Mu kuwa cinikin dole muke ce masa. Sukari da sabulu ba tare aka halicce su ba. Mai kanti ne ya ɗaure su da igiya ɗaya, ƙarfin igiyar kuwa daga buƙatarka yake, da kuma rashin wani kantin.

Shari'a mafi shahara da aka yi a duniya kan irin wannan ciniki, a kan kwamfuta aka yi ta. Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja wadda ba ta motsi sai da ita, kuma a shekarun 1990 cikin kowace kwamfutar tebur goma kimanin tara Windows ta kamfanin Microsoft ke juya su. Da intanet ta fara yaɗuwa, wani ƙaramin kamfani mai suna Netscape ya fito da manhajar da ake shiga intanet ɗin ta cikinta, mutane suka runguma. Sai Microsoft ya ƙera tasa, Internet Explorer, ya cusa ta cikin Windows, ya kuma ɗaure masu ƙera kwamfuta da sharaɗin kada su cire ta. A ranar 18 ga Mayu 1998 gwamnatin Amurka da jihohi 20 suka kai kamfanin ƙara.

Hujjar da kamfanin ya kafa ita ce ta fi jan hankalina. Cewa ya yi abubuwan nan biyu sun riga sun zama jiki ɗaya, wanda duk ya cire ɗaya ya kashe ɗayan. Wato yana so a ɗauke shi mahauci, alhali mai kantin sukari ne. Wani malamin Jami'ar Firinstan, Edwad Feltan, ya rubuta ƴar manhaja ya nuna wa kotu cewa ana iya kawar da Internet Explorer, Windows ta ci gaba da aiki. A Yuni 2000 alƙali ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar a 2001, ko da yake ta tabbatar da cewa kamfanin ya yi amfani da haramtattun hanyoyi wajen tsare babakerensa. A Maris 2004 Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro miliyan 497, kimanin miliyar 326 na kuɗin sefa, kan laifuffukan da suka haɗa da cusa manhajar sauraren kiɗa da kallon bidiyo, ta kuma tilasta masa fitar da Windows wadda babu ita. Aka fitar, amma kusan ba wanda ya saya, domin mutane sun riga sun saba da ƙunshin.

Ni shaida ne kan wannan sabo. A ɗakunan intanet na Yamai inda na fara taɓa kwamfuta ina ɗalibi, shuɗin harafin nan e da ke kan allo shi muke ɗauka intanet ɗin kanta. Bai taɓa faɗo mana a rai cewa akwai wata ƙofa ba. Nan ne cinikin dole yake kai ƙarshen nasararsa, ranar da mai saye ya manta an taɓa samun zaɓi. Sakamakon kuwa bai ɓuya ba. Bayan Netscape ta faɗi, fitowa ta 6 ta Internet Explorer da aka yi a 2001 ta zauna shekara biyar ba a sabunta ta ba, ɓarayin zamani suna ta shiga ta ramukanta, sai da wasu abokan hamayya suka taso kafin a tuna da gyara. A Yuni 2022 kamfanin da kansa ya yi mata ritaya, Windows kuwa tana nan tana aiki.

Garin da aka gina cikin ƙunshi

Mu mutanen Arlit ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin garin namu kansa a ƙunshe aka kawo shi. An kafa shi a 1969 saboda ma'adinin yuraniyom. SOMAIR ta fara fitar da shi a 1971, COMINAK kuma a Akokan a 1978. Wanda ya sami aiki ya sami gida a unguwar ma'aikata, da ruwa da wuta, da asibitin da zai kai iyalinsa, a tsakiyar hamadar da ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. A irin wannan gida na tashi, kuma ba ni cikin masu raina abin da ya ciyar da su. Sai dai tun ina yaro na lura da yadda manya ke sassauta murya idan hira ta zo kan ƙura ko kan tari, domin wanda komai nasa ke rataye da igiya ɗaya ba ya wasa da wuƙa kusa da ita.

A farkon shekarun 2000 wasu ƴan garin suka kafa ƙungiyar Aghirin'man, wato garkuwar rai da harshen Tamajak, ƙarƙashin jagorancin Almustafa Alhasan, wanda shi kansa ma'aikacin ma'adinin ne. Suka gayyato masanan CRIIRAD daga Faransa a ƙarshen 2003, Greenpeace ta biyo baya a 2009, aka auna ruwa da ƙasa da tarkacen ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa, aka kuma sami wurare a titunan Akokan inda tururin ma'adinin ya wuce ƙima nesa ba kusa ba. Na ji da kunnena a majalisun shayi ana cewa waɗannan mutane so suke su kashe garin, su tsone idon da ke ba mu abinci. Da ranar 31 ga Maris 2021 ta zo, COMINAK ta rufe saboda ma'adinin ya ƙare a raminta, ma'aikata kimanin 600 suka ajiye aiki ban da na ƴan kwangila, aka bar tulin dusar ma'adini mai nauyin tan miliyan 20 ko kusa da haka a bakin gari. Ƙunshin da aka ce tambaya za ta kwance shi, ƙarewar dutse ce ta kwance shi.

Yaƙin da aka jingina da gangunanmu

A lokacin yaƙi, sukarin da kowa ke buƙata shi ne a kira shi ɗan ƙasa na gari. Hukuma ce kaɗai ke da kantin, sabulun da take haɗawa da shi kuwa shi ne shiru. Shugaban Amurka Joj Bush ya faɗi sharaɗin a fili ranar 20 ga Satumba 2001, lokacin da ya shaida wa duniya cewa kowace ƙasa ta zaɓa, ko tana tare da su ko tana tare da ƴan ta'adda. Ba mu san cewa sunan ƙasarmu zai shiga cikin cinikin ba sai ranar 28 ga Janairu 2003, da ya tsaya gaban majalisar ƙasarsa ya ce gwamnatin Birtaniya ta gano Saddam Husaini ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka. Afirkar da ake nufi Nijar ce, Nijar ɗin kuwa Arlit ce da Akokan, tun da a lokacin babu inda ake haƙo shi sai nan.

Wasu takardu ne suka yi ta yawo tsakanin hukumomin leƙen asiri, masu cewa Nijar ta yi alkawarin sayar wa Iraƙi tan 500. Ina jami'a a Yamai a lokacin, kuma na tuna yadda mu ƴan arewa muka riƙa duban juna. Duk yaron da ya tashi a Arlit ya san yadda garin ma'adinin nan mai launin rawaya ke fita: cikin ganguna masu lamba, a ƙidaye, a jerin manyan motoci da rakiya har Faraku ta ƙasar Benin, daga nan jirgin ƙasa ya kai Kwatano. Abin da ƙasar ke fitarwa duka a shekara bai wuce tan 3,000 da kaɗan ba. A ce kashi ɗaya cikin shida na wannan ya sulale ba wanda ya gani, sai dai a gaya wa wanda bai taɓa ganin hanyar ba. Ranar 7 ga Maris 2003 Muhammad el-Baradai, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne. Ɗaya daga cikinsu, mai kwanan watan Oktoba 2000, tana ɗauke da sa hannun ministan harkokin wajen da ya bar kujerar tun 1989. Duk da haka ranar 20 ga Maris aka fara ruwan wuta a Bagadaza.

Kafin nan, ranar 15 ga Fabrairu, miliyoyin mutane sun cika titunan Landan da Rum da Madrid da wasu birane suna cewa ba su yarda ba. A Amurka an kira irinsu maciya amana da ƴan koren Saddam. Gidajen rediyo da yawa sun daina sa waƙoƙin wasu mawaƙa mata uku, Dixie Chicks, don ɗayarsu ta soki shugaban a kan dandamali. Faransa da ta ƙi goyon bayan yaƙin, har sunanta aka goge daga soyayyen dankali a ɗakunan cin abincin majalisar wakilai. Jozef Wilsan, tsohon jakadan da ya fara aikinsa na diflomasiyya a Yamai, wanda kuma aka aiko a Fabrairu 2002 don ya binciki zancen, ya rubuta a jarida ranar 6 ga Yuli 2003 cewa bai sami komai ba. Bayan kwana takwas aka tona cewa matarsa jami'ar leƙen asiri ce, aikinta ya lalace. Daga bisani fadar shugaban ta amsa cewa bai kamata maganar ta shiga jawabin ba, makaman da aka je nema kuma ba a same su ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa mutanen Iraƙi dubbai ɗaruruwa sun riga sun kwanta dama. Da an saurari masu zanga-zangar nan, da sojojin Amurka fiye da 4,000 ma sun tsufa a gidajensu.

Da wutar ta iso gida

Dariyar da muka yi wa Amurkawa ba ta daɗe ba. A Fabrairu 2007 ƴan tawayen MNJ suka kai hari Iferwan, a Yuni kuma suka afka wa sansanin Tazarzait, inda sojoji 15 suka mutu aka kama fiye da 70. Cikin buƙatunsu akwai cika alkawuran sulhun 1995 da ƙarin kaso daga arzikin yuraniyom ga yankin. Shugaba Tanja Mamadu ya ce su ƴan fashi ne da masu fataucin miyagun ƙwayoyi, ba zai zauna da su ba, kuma ranar 24 ga Agusta ya sa jihar Agadas cikin dokar ta-ɓaci. Ina sabon malami a lokacin. Tafiya Agadas ta koma sai a ayari da rakiyar soja, kowa idonsa a kan ƙasa saboda nakiyoyi. A ajina kuwa, a kan benci ɗaya, akwai ɗan soja da kuma yaron da kawunsa ya hau dutse, suna karɓar aron alƙalami a hannun juna. Wanda ya tsaya gaban irin wannan aji ba zai iya koyar da cewa duniya gida biyu ce kawai ba.

Ban taɓa goyon bayan ɗaukar makami ba, kuma nakiyoyin da aka binne ba su tambayi kowa ra'ayinsa ba. Har cikin Yamai ɗaya ta kashe shugaban wani gidan rediyo mai zaman kansa a Janairu 2008. Amma a wancan lokaci mutum bai isa ya faɗi wannan ba, sa'an nan ya ƙara da cewa makiyayan da aka kashe a daji su ma ƴan ƙasa ne, alhali ƙungiyoyin Amnesty da Human Rights Watch sun rubuta rahotanni a kai a Disamba 2007. Rabin maganar kawai aka halatta. An dakatar da jaridar Aïr Info ta Agadas wata uku, an rufe RFI wata guda, an tsare shugaban jaridar, Ibrahim Manzo Jallo, daga Oktoba 2007 zuwa Fabrairu 2008. Musa Kaka, wakilin RFI kuma shugaban Rediyo Sarauniya, an kama shi ranar 20 ga Satumba 2007 bisa zargin haɗa baki wajen yi wa ikon ƙasa zagon ƙasa, hujjar kuwa hirarrakin da ya yi ta waya da jagoran ƴan tawayen, Agali Alambo. Bai fito ba sai ranar 7 ga Oktoba 2008.

To, mai karatu, dubi yadda abin ya ƙare. A Mayu 2009 shugaban ƙasa da kansa ya zo Agadas ya gana da jagororin tawayen, a Oktoba kuma aka yi musu afuwa bayan sun ajiye makamai da shiga tsakanin Libiya. Na yi murna da sulhun, har yau ina yi. Sai dai lissafin ya tsaya mini a maƙogwaro: wanda ya riƙe bindiga ya sami afuwa da musafaha, wanda ya riƙe waya ya yi fiye da shekara a kurkuku saboda ya yi magana da mutanen da hukuma ta dawo ta zauna da su.

Inda gaskiyar masu zargi take

Ba zan yi wa masu ɗaya ra'ayin rashin adalci ba. Cin amana na gaskiya yana nan, kuma mun ɗanɗana shi. Wanda ya gaya wa maharan lokacin da ayari zai tashi, ko ya nuna musu ƙofar da ba ta da tsaro, ya miƙa rayuka, kuma kalmar Faransancin nan ta hau kansa daidai. Ranar 23 ga Mayu 2013, da motoci maƙare da bama-bamai suka tashi a barikin sojan Agadas da masana'antar SOMAIR da asuba ɗaya, mutum fiye da 20 suka mutu, ba wanda ya ji ƙarar nan da zai ce tsaro wasa ne. Masu cewa a yi shiru suna da karin maganarsu, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma suna tunanin sojan da ke kwana a rami yana jin ana gardama a kan aikinsa a birni. Wannan damuwa ce ta gaskiya.

Amsata ita ce a tsare kalmar a inda ta dace, kada a shimfiɗa ta ta rufe kowa. Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin Amurka a 1787, da yake su kansu sarkin Ingila ya taɓa kiran su maciya amana, sun ƙuntata ma'anarta ƙwarai: ɗaukar makami a kan ƙasa, ko mara wa abokan gabanta baya da taimako, kuma ba a hukunta mutum sai da shaidu biyu kan aiki ɗaya bayyananne, ko shi ya amsa a gaban kotu. Aiki suka sa wa hukunci, suka bar ra'ayi.

Tarihinmu na kusa ma ya ba mu ma'auni. A Inates ranar 10 ga Disamba 2019 mun rasa sojoji 71, a Shinagodar ranar 9 ga Janairu 2020 muka rasa 89. Ba a jima ba binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya fito da asarar kimanin miliyar 76 na sefa tsakanin 2014 da 2019, ta hanyar aringizon farashi da kayan yaƙin da aka biya ba a kawo ba. Ranar 15 ga Maris 2020 ƙungiyoyin farar hula suka fito a Yamai suna neman a hukunta masu hannu, aka tarwatsa su, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati mutum uku suka mutu, jagororin zanga-zangar kuma aka kai su kurkuku. A nan tambayar Hausa ta fi ta Faransanci kaifi. Kuɗin makamin soja ajiya ce, talaka ya ba da ita, an kuma san hannuwan da aka damƙa wa. Wanda ya fito titi yana tambayar inda ta shiga, shi ne ya fi kowa tsaya wa sojan da ke cikin rami. Ƙadangaren ta tsagar da aka rufe da shiru ya shiga.

Sunayen tituna

Abin da ya kamata ya sa kowace hukuma ta yi hattara da wannan kalma shi ne yadda take sauya masauki. Jibo Bakari ya ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, aka haramta jam'iyyarsa ta Sawaba a 1959, ya yi shekaru yana gudun hijira, magoya bayansa suka sha ɗauri da kisa da sunan maƙiya ƙasa. A Oktoba 2024 aka cire sunan Janar Dagol daga wani babban titin Yamai aka sa nasa. Filin jirgin saman Agadas kuwa sunan Mano Dayak yake ɗauke da shi, jagoran tawayen shekarun 1990.

Tun daga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an yi abubuwan da mutane da yawa a nan suka daɗe suna fata. Sojojin Faransa sun fice a Disamba 2023, na Amurka sun bar sansaninsu na Agadas a Agusta 2024. A Maris 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, abin da malamin Hausa irina ba zai ɓoye farin cikinsa a kai ba, a Yuni 2025 kuma gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Takunkumin da aka ƙaƙaba mana a 2023, da yanke wuta da rufe iyaka, sun sa jama'a sun dunƙule, kuma dunƙulewar ta gaskiya ce. Amma a cikin kwalin nan ɗaya akwai dokar Yuni 2024 da ta maido da ɗauri kan rubutun da aka yaɗa ta intanet, da ta Agusta 2024 da ta ba da damar ƙwace wa mutum zama ɗan ƙasa, da kama Musa Cangari na ƙungiyar Alternative ranar 3 ga Disamba 2024, mutumin da ya yi shekaru yana sukar sansanonin sojan ƙetare tun lokacin da faɗin haka ke jawo tsangwama, wanda kuma gwamnatin da ta gabata ta tsare shi a 2015 da 2018 da 2020. Abin da nake roƙo kaɗan ne: a bar ni in ɗauki ƴancin kai da hannu biyu, in kuma tambayi dalilin sauran, ba tare da an ce na ƙi ƙasata ba. In an ce mini jiki ɗaya ne, ba su rabuwa, zan tuna an taɓa rantsuwa da haka a gaban wata kotu a kan wata manhaja.

Ɗalibaina na yau ba su san Netscape ba, amma kowannensu na riƙe da wayar da ta zo da manhajojin da bai nema ba, waɗanda kuma ba ta barinsa ya goge. A 2018 ma Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro fiye da miliyar 4 kan irin wannan ɗauri a Android. Idan muka zo darasin muhawara nakan ba su jimla mai haɗe da abu biyu, in ce su raba ta, su auna kowane ɓangare shi kaɗai, su gaya mini wanne suka karɓa da hujja, wanne kuma aka cusa musu don yana maƙale da ɗan'uwansa. Da farko sukan ji tsoro, kamar raba jimlar rashin ladabi ne. Daga baya sai ka ga yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce, Malam, na yarda da na farkon, na biyun kuwa sai an kawo mini dalili. Ba na jin akwai abin da makaranta za ta ba ƙasa da ya fi irin wannan ɗiya.

Mutanen Abzin da ke kai ayarin gishiri Bilma sun san cewa tafiyar Tenere ba ta yiwuwa sai da madugu ɗaya, kuma ba a jayayya da shi kan alƙibla a tsakiyar rairayi. Amma sun san kuma cewa wanda ke tafe a baya shi ke ganin kayan da suka karkace a kan raƙumin gaba, kuma in ya yi shiru don kunya ko don tsoro, gishirin da zai zube na ayarin ne duka. Shi ya sa Bahaushe ya ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya ba shugabanninmu kunnen jin wannan kira, mu kuma ya ba mu ladabin yin sa da ƙarfin halin maimaita shi.